Fashin Baƙi: Daren Rawar Tarihi a Ingila, Me Ake Kwaikwayo Kuma Yaya Ake Shirya Shi?

Duk watan Satumba hotunan sukan karaɗe shafukan sada zumunta: ɗaruruwan mutane a titunan birnin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila, mata sanye da dogayen riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji, maza da dogayen huluna da wando iya gwiwa. Da dare kuma sai a gan su a wani katafaren zaure, sun jeru sahu biyu suna rawa da kiɗan goge irin na Turawa. A 2025 abin ya fi na kullum armashi, domin a shekarar ce Jane Austen, marubuciyar Ingila da ake wannan biki don tunawa da ita, ta cika shekara 250 da haihuwa. Masu kallo daga nesa sukan tambaya: fim ake ɗauka? Wasu su ce ai al'adarsu ce da suka gada, kamar hawan sallah. Wasu kuma su ce ƙoshi ne kawai ya yi wa Bature yawa.

Duka ukun akwai gyara a cikinsu. Mutanen da ke cikin hotunan malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho, sun sayi tikiti da kuɗinsu, sun ɗinka kaya ko sun yi haya, domin su kwana guda a cikin zamanin da ya shuɗe shekara ɗari biyu. Abin da ya cancanci fashin baƙi shi ne yadda ake shirya irin wannan dare, da kuma gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu shirya shi: nawa ne daga cikin wancan zamani za a dawo da shi, nawa za a bar shi a kabari?

Mene ne shi, kuma ina ya bambanta da al'ada?

Hawan sallah a Kano ko Katsina abu ne mai rai. Sarkin da ya hau doki sarki ne na gaske, hakimin da ya zo jafi hakimi ne, babu wanda ke kwaikwayon wani. Daren rawar tarihi kuwa zaren ya riga ya tsinke. Rawar ta mutu, tufafin sun koma gidan tarihi, sai daga baya wasu suka tono littattafai da zane-zane da wasiƙu suka sake haɗa abin. Idan ana neman abin da ya ɗan yi kama da shi a wajenmu, sai dai ranar ƙauyawa ta bikin aure, inda 'yan birni ke sa kayan mutanen da. Amma a ranar ƙauyawa babu mai tambayar wace shekara ake kwaikwayo. A can kuwa shekarar ita ce tambayar farko.

Ita kanta wannan sha'awar tsohuwa ce. A 1842 Sarauniya Victoria ta shirya liyafa a fadar Buckingham inda ita da mijinta Albert suka fito a shigar Sarki Edward na Uku da matarsa Philippa, waɗanda suka yi zamani shekara ɗari biyar kafin su. A 1903 Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya tara manyan ƙasarsa a fadarsa ta Saint Petersburg, kowa da shigar ƙarni na 17. A da wasan masu mulki ne. Abin da ya canja shi ne yanzu duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Bikin Jane Austen na Bath ya faro a 2001, ya girma har ya kai kwana goma, kuma a 2014 mutum 550 suka taru cikin shigar zamanin, adadin da ya shiga kundin bajinta na Guinness. A Faransa ma ana yin makamancinsa a fadar Versailles, inda ba a barin kowa ya shiga sai da shigar zamanin sarakunan gidan.

Wane zamani ake komawa?

Turawan Ingila suna kiransa Rijensi, wato zamanin riƙon sarauta. Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali, sai majalisa ta ɗora ɗansa ya riƙe masa mulki daga 1811 har tsohon ya rasu a 1820. Shekara tara ke nan, amma idan ana maganar tufafi da kiɗa da gine-gine akan faɗaɗa sunan ya kama daga wajen 1795 zuwa 1837. Don mai karatu ya daidaita lissafi: Jane Austen ta rasu a 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato.

Dalilin da ya sa wannan zamani ya fi sauran farin jini ba ɓoyayye ba ne. Littattafan Austen suna cike da daren rawa, domin a nan ne saurayi da budurwa ke haɗuwa, a nan iyaye mata ke auna wa ya dace da 'yarsu, wa ke da gona, wa ke da bashi. Austen ta zauna a Bath daga 1801 zuwa 1806, biyu daga cikin littattafanta kuma a garin aka gina babban ɓangaren labarinsu. Tun 2017 hotonta ke kan takardar fam goma ta Ingila. Sai kuma Bridgerton, shirin soyayya mai kwaikwayon wancan zamani da Netflix ta fara nunawa a Disambar 2020, wanda ya jawo matasan da ba su taɓa buɗe littafinta ba. Waɗannan sababbin shiga da tsofaffin hannu ba kullum suke jituwa ba, za mu zo kan wannan.

Zaure da haske

Mai shiri yakan fara da neman zaure, kuma a nan Bath ta yi sa'a. Zauren taronta na Assembly Rooms, wanda John Wood ƙarami ya zana, an buɗe shi a 1771 domin wannan aikin takamaimai: ɗakin rawa mai tsawon kusan mita 30, ɗakin shan shayi, ɗakin karta, da wani ɗaki mai kusurwa takwas. Jiragen Jamus sun jefa masa bam a 1942 ya ƙone, aka sake gyara shi. Manyan fitilunsa na ƙarau da ke rataye sun tsira ne saboda an riga an sauke su an ɓoye tun farkon yaƙin.

Waɗannan fitilu su ne wurin da gaskiyar tarihi ke fara cin karo da dokar yau. A da kyandir ake kunnawa, ɗaruruwa a dare guda. Na kakin zuma yana da tsada, ga harajin kyandir da gwamnati ta karɓa daga 1709 zuwa 1831. Na kitse kuwa yana hayaƙi yana wari, don haka yawan kyandir ɗin kaki a zaurenka shi ne shaidar arzikinka. Yau idan mai shiri ya ce zai kunna wuta tsirara a cikin ginin tarihi mai daɓen katako, tsakanin mata masu riguna shara-shara, masu ginin da kamfanin inshora da dokar kashe gobara duk za su tare shi. Galibi sai a rage hasken lantarki, a jera kyandir na batir. Ido zai gamsu, amma zafin ɗakin da ɗigar kaki a kafaɗar mutane sun tafi ke nan, kuma ban ji wanda ya yi kewarsu ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da masu zurfafa bincike ke so. A karkara akan sa ranar rawa ta faɗo daren sha huɗu, don keken doki ya ga hanyar komawa gida da farin wata. A manyan gidaje kuma akan zana furanni ko tambarin gida da alli a kan daɓe, ado ne kuma yana hana santsi, kafin tsakar dare ƙafafu sun share shi.

Dokokin fili

Zauren rawa na wancan lokaci yana da shugaba, wanda a yau za mu ce masa emsi, sai dai ikonsa ya fi na emsi nesa ba kusa ba. Mafi shahara shi ne Richard Nash, wanda ya riƙe wannan matsayi a Bath fiye da shekara hamsin har mutuwarsa a 1761. Ya hana maza shiga da takobi da takalmin hawan doki. Ya sa a fara rawa ƙarfe shida na yamma a tashi ƙarfe sha ɗaya, kuma ana ba da labarin cewa ko 'yar sarki da ta roƙi ƙarin rawa guda bai saurare ta ba. Ya mutu shekara goma kafin a buɗe sabon zauren, amma tsarinsa magadansa suka bi.

Namiji ba ya tunkarar macen da ba a gabatar da shi gare ta ba, shugaban fili ne ke haɗa su. Macen da ta ƙi wani ba ta da damar ta tashi da wani nan take, sai ta zauna. Budurwa ba ta zuwa ita kaɗai, akwai uwa ko gwaggo a gefen bango tana sa ido. Wanda ya ɗauka cewa Turawan da ba su san kunya da tsaron mutunci ba, wannan zauren zai ba shi mamaki.

Mai shirin yau dole ya tace waɗannan dokoki. Kusan babu mai tilasta wa mace ta zauna don ta ce a'a. Sannan ga matsalar da kowane mai shiri ya sani: mata sun fi maza yawa a wajen sayen tikiti, don haka mata biyu kan yi rawa tare. Abin dariyar shi ne wannan ba saɓa wa tarihi ba ne, domin a lokacin yaƙi da Napoleon, sarkin Faransa, ma maza sun yi ƙaranci kuma an yi hakan.

Rawar kanta, inda gizo ke saƙa

A ganina nan ne aka fi yi wa tarihi kwaskwarima, kuma nan ne 'yan kallo ba sa ganewa. Babbar rawar zamanin ita ce ta sahu biyu, maza a gefe, mata a gefe. Matar da ke kan gaba ita ke zaɓen kiɗa da salon taku. Ita da abokin rawarta su fara, su gangaro sahun suna rawa da kowane biyu har ƙarshe, sauran suna kallo suna ɗauka. Idan sahun ya yi tsawo, zagaye guda na iya cin rabin sa'a. Waɗanda ba a iso kansu ba suna tsaye suna hira, kuma wannan tsayuwar ita ce ribar daren ga masu neman aure: ita ce kaɗai damar magana ba tare da kunnen gwaggo ba.

Mutumin yau da ya biya kuɗi ba zai yarda ya tsaya minti ashirin yana jiran layi ba. Kuma bai taso da malamin rawa a gida ba kamar 'ya'yan masu hali na da. Don haka ake ɗauko mai kiran taku, ya riƙe makirfo yana faɗa: ku juya, ku miƙa hannun dama, ku sauya wuri. Kowa ya motsa lokaci guda. A zamanin Austen babu wannan mutumin sam. Masu shiri na kirki sukan sa darasin koyo da rana kafin daren, don muryarsa ta ragu idan an shiga fili.

Zaɓen kiɗa ma tarko ne. Shahararren kundin raye-rayen Ingila na John Playford ya fara fitowa a 1651, kuma da yawa daga raye-rayen da aka saba gani a fina-finai daga irin waɗannan tsofaffin kundaye aka ɗebo su. Suna da daɗin kallo, a hankali ake taka su cikin ƙasaita. Amma ga budurwar 1813 rawar kakannin kakanninta ce. Rawar zamaninta tana da tsalle da sauri, ana gumi. A 2013 BBC ta gwada sake haɗa daren rawa irin na lokacin a gidan Chawton, tsohon gidan yayan Austen, da kyandir na gaske da abincin zamanin, kuma abin da ya fito fili shi ne aikin na masu ƙarfin gwiwa ne.

Shekarar da mai shiri ya zaɓa ita ke yanke abin da za a taka. Rawar kwadril, ta mutum takwas a murabba'i, ta shigo manyan zaurukan Landan daga Faransa wajen 1815. Rawar wals, wadda namiji ke riƙe ƙugun mace suna juyawa, ta tayar da ƙura: a 1816 jaridar The Times ta yi mata kaca-kaca bayan an taka ta a fadar mai riƙon sarauta, tana gargaɗin iyaye su tsare 'ya'yansu mata. Wanda ya ce yana kwaikwayon 1805 sannan ya sa wals, masana da ke cikin zauren za su kalli juna.

Wasu masu shiri sukan ɗaure daren da wani abu da ya faru. Wanda aka fi ɗauka shi ne liyafar da matar Duke na Richmond, wani basaraken Birtaniya, ta yi a birnin Brussels ranar 15 ga Yunin 1815. Ana cikin shagali labari ya iske Wellington, babban kwamandan sojojin Birtaniya, cewa sojojin Napoleon sun matso, hafsoshi suka fice zuwa fagen daga, bayan kwana uku aka gwabza yaƙin Waterloo. Irin wannan dare yakan haɗa masu rawa da masu kwaikwayon soja, jajayen kaki su cika zaure.

Rigimar tufafi

Babu zif a zamanin, babu keken ɗinki, domin bai yaɗu ba sai bayan 1850. Rinin kemikal bai samu ba sai 1856. Saboda haka mai tsananin bin diddigi zai ɗinka rigarsa da hannu, da zaren da ya dace, da launin da ake iya samu a lokacin. Rigunan mata na yayi an yi su ne da farar auduga mai laushi, mafi daraja daga Bengal, musamman ta Dhaka. Namiji kuwa sai kwat mai jela, wando iya gwiwa, doguwar safa, farin ƙyalle a wuya, da safar hannu ga kowa.

Ɓangare guda na cewa idan aka sassauta, abin ya koma bikin shigar burtu, kuma wahalar wanda ya shafe watanni yana ɗinki ta tashi a banza idan na kusa da shi ya zo da rigar leda mai ƙyalli. Ɗaya ɓangaren na cewa tsanani yana korar ɗalibi da mai ƙaramin ƙarfi, ya mai da abin ƙungiyar masu kuɗi da lokaci. Zuwan masoya Bridgerton ya ƙara wa wutar fetur, domin waɗanda suka shirya Bridgerton da gangan suka yi wasa da launi da yadi. Mafitar da akasari ake bi ita ce a rubuta ƙa'ida a jikin tikiti: shigar zamanin wajibi ce, amma ba za a juya rigar kowa a duba ɗinki ba. Tabarau da keken guragu da na'urar ji ba a maganarsu. Wayar hannu ce ta gagari kowa.

Abinci bai cika jawo faɗa ba. Akan yi farar miya ta romon maraƙi da almon da kirim, nama mai sanyi, kayan zaƙi da ƙanƙara, da wani haɗin giya mai ɗumi da ake kira nigas. A da sai tsakar dare ko bayanta ake cin abincin. Yau yarjejeniyar hayar zaure ba ta kai nan, kuma dole a tanadi na wanda ba ya cin nama da wanda ba ya shan giya.

Kuɗin wa ya sayi kyandir ɗin?

Wannan ita ce gardamar da ta fi nauyi. Sukarin da ke cikin shayin zauren bayi ne suka noma shi a tsibiran Karibiyan. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, amma bautar kanta ta ci gaba a yankunan da take mallaka har dokar 1833, kuma diyyar fam miliyan 20 da aka biya iyayen gijin bayi aka ba, bayin ba su ga ko sisi ba. Hasumiyar Beckford da ke kallon Bath daga kan tudu an gina ta da dukiyar gonakin rake na Jamaika. A 2020 hukumar National Trust, mai kula da gidajen tarihi, ta fitar da rahoto kan wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, aka yi ta cece-kuce a majalisa da jaridu.

Masu suka na cewa daren rawar yana wanke wannan tarihi: kowa ya zo a matsayin ɗan babban gida, babu mai son zama baran da ya kwana yana sauya kyandir, balle bawan da ke can ƙetaren teku. Masu kare shi na cewa rawa da ɗinki da kiɗa fasaha ce da ta cancanci a adana, kuma son rigar zamani ba amincewa da zaluncinsa ba ne. A Amurka maganar ta fi zafi, saboda a can akwai liyafar da ake yi a tsofaffin gidajen gonakin bayi na kudanci, da shigar iyayen gijin, a kan ƙasar da aka yi bautar. Hujjar fasaha tana da wuyar tsayuwa a irin wannan wuri.

Akwai kuma masu cewa baƙar fata a zauren ya saɓa wa tarihi. Tarihin bai goyi bayansu ba. Ignatius Sancho, wanda ya taso cikin bauta ya zama mai kanti a Landan har ya kaɗa ƙuri'a, ya wallafa kiɗe-kiɗen rawar sahu da ya tsara da kansa kafin mutuwarsa a 1780. George Bridgetower, ɗan wani baƙar fata, ya kaɗa goge a Bath a 1789 yana yaro, kuma shi ne daga baya ya fara kaɗa wani shahararren kiɗan Beethoven, Bajamushen mai tsara kiɗa, tare da mai shi a 1803. Ba su da yawa a tsakiyar fili, gaskiya ne, amma suna nan. Wasu ƙungiyoyin rawa yanzu sukan sa kiɗan Sancho a jerin na daren.

Wa ke samu, wa ke asara?

Ga gari irin Bath, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1987, bikin kasuwa ne. Otal-otal na cika, masu hayar kaya da teloli da masu gyaran gashi da makaɗa da malaman rawa duk suna samu, baƙi na zuwa daga Amurka da Ostareliya da sauran ƙasashen Turai. Sana'o'in da suka kusa ɓacewa, irin su ɗinkin hular mata da hannu, sun samu masu saye. Ga mai halarta kuwa tikiti shi ne ƙaramin kashi, tufafi da masauki da mota su ne ke cinye aljihu.

Inda kasuwa ta buɗe, ɗan damfara da mai ganganci ba sa nisa. A Satumbar 2024 an tallata wani daren rawa da sunan Bridgerton a birnin Detroit na Amurka, ba da hannun Netflix ba, tikiti daga dala 150 zuwa sama. Mutane suka kashe kuɗi suka ɗinka riguna. Da suka isa, kamar yadda suka bayyana wa kafofin labarai, suka tarar da zaure ba ado, mai goge guda ɗaya, abinci ya ƙare da wuri, wasu na zaune a ƙasa cikin kwalliyarsu saboda ƙarancin kujeru. Tsofaffin hannu a wannan harka kafin su biya sukan duba abu huɗu a sanarwa: wace shekara ake kwaikwayo, wa zai kira taku, su wane ne makaɗa, kuma akwai darasin koyo da rana ko babu.